Faransancin Da Na Koya Da Ido

Kwanan baya na je suna ƙauyenmu, sai na tarar an rushe tsohon ajinmu na laka. An gina sababbi guda uku na siminti a wurin, da rufin kwano da tagogin ƙarfe. Abin murna ne, kuma na yi murnar. Amma na daɗe tsaye ina neman inda ƙofar take a dā, da inda tagar gabas take, na kasa ganewa. Yara suka fito shan iska suna ta guje-guje, ba wanda ya kula da tsohuwar da ke kallon ƙasa. Tun da na dawo abin yake cina, shi ya sa na ce bari in faɗe shi tun ina iya tunawa.

Ƙauyenmu a gindin tsauni yake, tsakanin Tamaske da Keita, ƙasar da dutse ya fi ƙasa yawa. Abin da na fi riƙewa daga farkon ƙuruciyata sauti ne, wataƙila don shekara takwas kawai aka ba ni in ji shi sosai. Ina tuna luguden mata da hantsi, taɓarya uku a turmi ɗaya, mace ta jefa tata sama ta tafa hannu kafin ta sauko. Ina tuna yadda guga ke faɗawa ruwa can ƙasan rijiya, da kofaton jakuna kan tsakuwa ranar kasuwar Tamaske, ɗauke da buhunan albasa. Akwai kuma ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya ga iccen bedi, wanda in aka buga shi har masu ban ruwa a fadama sun san rana ta yi. Mu 'yan mata ba ma zuwa lakwal sai mun cika randa, in mun taso kuma mu nufi tsauni neman icce. Da damina mu tsinko tafasa, da rani mu taya iyaye ban ruwan albasa da ƙwarya. Yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, babur ya maye gurbin jaki. Jikokina ba su san nauyin tulu a ka ba, ba na kuma yi musu fatan su sani, amma an ce mini garin ya yi shiru ta wani fanni, ya yi hayaniya ta wani.

A zamaninmu ba rububin lakwal ake yi ba. Maigari ne ke bi gida-gida yana neman a ba da yaro, iyaye kuwa suna ɓoye nasu a rumbu. Babana ya ba da ni ne don yayyena maza sun isa noma, ba ya iya rabuwa da su. Ina aji biyu sanƙarau ya shigo garin da bazara. Ya ɗauki yara da dama, har da ƙanena da nake goyo. Ni aka ɗora ni a amalanken jaki zuwa likitar Keita, na yi kwanaki ban san inda nake ba. Da na farfaɗo na ga innata a kaina, bakinta yana motsi, hawaye na zuba, amma ba na jin komai sai wani gunji kamar na kara kunne a bakin tulu. Kunnen dama ya tafi ke nan har yau. Na hagu ya bar mini kaɗan. Ina jin ganga da tsawa da kukan jaki, da muryar namiji in ya matso kusa, amma kalmomi sun narke, kamar ana magana a cikin ruwa.

Ba wanda ya zauna ya yanke shawara kan karatuna, kowa ya ɗauka ya ƙare. Yara suka fara kirana kurma, manya kuma suna magana a kaina ina zaune kamar ba na wurin. Kakata, uwar babana, ita kaɗai ce ba ta yi mini kallon tausayi ba. An haife ta a gidan arna kafin danginsu su musulunta, kuma mace ce da ba ta san lallashi ba. Ita ta fara lura cewa bakin mutane nake kallo. In za ta aike ni sai ta kama haɓata ta juyo da fuskata, ta faɗi saƙon a hankali, in na kuskure ta sake, ba ta taɓa yi mini nuni da hannu ba. In wani ya ce ai wahalar banza take yi, sai ta ce masa gani ya kori ji. Kafin damina ta fita na iya karanta Hausa a bakin duk wanda na sani.

Bayan girbi aka kawo mana sabon malami, mutumin wajen Buza. Mushe muke kiran kowane malamin lakwal, shi ma haka muka kira shi har muka rabu. Dogo ne siriri, yana da gashin baki mai kauri wanda yake tajewa da ɗan ƙaramin mataji da ke aljihun rigarsa. Ya ga sunana a littafin aji ba mai amsawa, ya tambaya, aka ba shi labari. Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya tarar da babana yana gyaran rumbu. Ina laɓe ina kallonsu, amma sun yi mini nisa, innata ce ta kwashe mini yadda suka yi daga baya.

Babana ya ce, "Mushe, masu kunne biyu ma yaren nasara ya gagare su, balle wagga da ba ta jin kiran sunanta."

Ya tambaye shi ko yana da maganin kunne ne. Mushe ya ce ba shi da shi, kuma bai taɓa koyar da yaro irina ba, bai ma san ta inda zai fara ba tukuna.

"Amma Baba, ba ni ita zuwa bazara. In ba ta ƙaru da komi ba, da kaina za ni maido maka ita, in ba ka haƙuri."

Innata ta ce abin da ya sa babana ya yarda shi ne mutumin bai yi masa ƙarya ba.

Makonnin farko azaba ne. Mushe yana magana yana rubutu a babban allo, ƙeyarsa kawai nake gani. In ya juyo kuma gashin nan ya rufe masa leɓe. Sai ga maganar sambol. Wani ƙashin jaki ne da aka huda aka sa wa igiya. An hana Hausa a harabar lakwal, duk wanda aka ji ya yi ta sai a rataya masa ƙashin a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi ƙashin yana wuyansa, bulala biyar. Wata rana na yi wa wata yarinya magana da Hausa, aka rataya mini. To ni da wane kunne zan kama wani? Ranar farko na sha bulala, ta biyu ma haka. A rana ta uku da Mushe ya kira mai sambol na fito na miƙa hannu, sai ya tsaya yana kallona da bulalar a sama. Ya sauke ta. Ya durƙusa daidai tsawona, ya yi abin da ba mu taɓa ganin malami ya yi a aji ba, ya yi mini Hausa. Ya tambaye ni kwana nawa ke nan ƙashin yana wuyana. Na ɗaga yatsu uku.

Na ga mamaki a fuskarsa. Ya tambaye ni ko na ji shi ne, na ce a'a, na gani. Ya sake wata magana, ta ɓace mini cikin gashin. Ya ce me ke hana ni gani wani lokaci. Yarinta ba ta san kara ba, na miƙa yatsa na nuna gashin bakinsa. Na ga yaran aji sun sandare. Shi kuwa ya cire ƙashin daga wuyana ya jefa shi cikin akwatin teburinsa, ba mu sake ganinsa ba. Washegari ya shigo aji leɓensa fes, ya aske tas. Garin nan ba wanda bai yi dariya ba. Mata a bakin rijiya suna cewa an sauya mana Mushe da ƙanensa. Mutumin da ke taje gashin nan sau goma a yini, bai sake barinsa ya tsiro ba har na gama lakwal.

Daga nan ya shiga neman dabara, wata ta yi, wata ta ƙi. Ya dawo da bencina gaba, gefen tagar gabas, shi kuma ya riƙa tsayawa inda haske ke faɗa masa a fuska. Ya hana kansa magana yana rubutu. In zai fara bayani sai ya buga bencina da tafin hannu, in ji motsin a jikina in ɗago. Ya yanka kwalayen sukari ƙanana, kowanne ya rubuta kalma a gefe ɗaya, ya zana abin a ɗaya gefen, ga shi bai iya zane ba, akuyarsa da karensa duk ɗaya suke. Akwai harafin p da Bahaushe ba ya iya faɗa, kullum sai ya mai da shi fa ko ha. Mushe ya kawo auduga ya sa kowa ya riƙe ɗan tsinke a gaban bakinsa, in ka faɗi harafin daidai audugar ta yi tsalle. Don ni aka fara, amma aji duka ya warke da shi. Sautukan da ke fita ta hanci kuwa ya sa in ɗora yatsa a kan karan hancina in ji rawarsa, ko in dafa maƙogwaron yarinyar da muke benci ɗaya tana faɗa ina kwaikwayo. In abu ya cije sai ya leƙa hanya ya tabbata ba motar insifekta, ya warware mana shi da Hausa cikin kalma biyu, ya koma Faransanci.

Ya kuma gano wani abu da ya tsorata ni. Akwai kalmomin da a leɓe kamarsu ɗaya ce sak. A Faransanci burodi da hannu da wanka, in ka toshe kunne ka kalli mai faɗa, ba ka bambanta su. Na yi kuka ranar, na ce ashe idon ma ba ya isa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "In baki ya ruɗe ki, tambayi sauran maganar. Ba a cin hannu, ba a gaisawa da burodi."

Ranar Alhamis ba a lakwal a wancan zamani, amma shi yana tara mu huɗu ko biyar a ƙarƙashin bedin da hantsi. Akwai wani yaro mai in'ina wanda bulala ta ƙara ɗaure masa harshe, shi Mushe ya bar shi ya rera amsarsa kamar waƙa, sai ga magana tana fita sumul. Akwai wata 'yar Buzaye da iyayenta suka sauka kusa da garin bayan fari ya cinye musu dabbobi, ba ta jin Hausa ba ta jin Faransanci, ita da abubuwa yake koya mata, ya ɗaga takalmi ya faɗi sunansa, ita ma ta faɗa masa da yarensu ya maimaita tana dariya. Ba a biya shi wannan ba, ba kuma a sa shi ba. Kakata takan ce yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, amma tare suke ɗaukar lomar tuwo, shi wannan mutumin ya gane haka.

Bazara ta zo ta wuce, ba wanda ya ta da maganar maido ni gida. A nan ne wani abu ya fito fili wanda har yau nake alfahari da shi. Faransanci yare ne mai wutsiya, kalmomi da yawa suna ƙarewa da haruffan da ake rubutawa amma ba a furta su. 'Yan ajinmu da kunne suke rubutu, abin da ba su ji ba sai su bar shi. Ni kuwa ban taɓa jin kalmar ba balle in san wane harafi ne ke shiru. Na haddace kowace da siffarta, kai da ciki da wutsiya, kamar yadda ake gane akuyar gida cikin garke. Bakina dai bai taɓa daidaita ba, in na yi magana muryata takan hau inda ya kamata ta sauka, har yau haka take. Amma a dikte, wato malami ya karanta ɗalibai su rubuta, ba wanda ya sha gabana tun daga aji huɗu. Masu kirana kurma suka koma leƙen allona.

Lakwal ɗinmu ƙarama ce, Mushe ya bi ajinmu har shekarar sartifika, jarrabawar gama firamare. Jarrabawar a Keita ake yin ta, kuma dokarta mai tsanani ce. Kuskure biyar a dikte sifiri ne, mai sifiri kuwa ya faɗi, ko da ya cinye sauran. Baƙin malamai ne ke tsaro, naka ba ya shiga. Mushe ya rubuta wa insifekta takarda yana roƙon a zaunar da ni gaba, amsa ba ta zo ba. Ya sake, shiru. Sai ya koya mini jimla ɗaya, ya sa na maimaita ta har na gaji da ita. Da safen jarrabawa, a bakin shingen makarantar, ya juya fuskarsa ga haske ya ce, "Ɗiyata, nan iyakata. In kin ga ba ki gani, tashi ki yi magana. Ba roƙo za ki yi ba, gaskiya za ki faɗi."

Lambata ta kai ni benci na shida. Mai karanta mana wani ƙaton mutum ne daga Madawa, fuska ba walwala. Ya fara karatun farko yana tafiya tsakanin bencuna, ya wuce ni, ya nufi bayan aji. Na ga kawunan yara suna binsa, ni kuwa ba abin da ya iso gare ni sai gunji. Shekara biyar ta kwalayen sukari da auduga, ga ta tana tafiya a bayan mutumin nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi jimlata da Faransanci, cewa ba na ji da kyau, a bakinsa nake karantawa, ina roƙonsa ya tsaya inda zan gan shi. Ban san ƙarfin muryata ba, ashe da ihu na faɗe ta. Na ga kafaɗun yara suna rawa da dariya.

Ya tako ya tsaya a kaina. Ya ce wani abu kansa a sunkuye, ban kama ba, na tsaya ina kallonsa kawai. Sai ya ɗago haɓarsa, ya rage murya har na tabbata ko na kusa da ni bai ji ba, ya motsa leɓe ya tambaye ni sunan garinmu. Na faɗa masa. Ya tambayi shekaruna, na faɗa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ta da yaron da ke bencin farko ya mai da shi wurina, ya zaunar da ni gaba, ya je bakin ƙofa inda rana ke shigowa ya tsaya. Daga nan ya karanta dikten tun daga farko har ƙarshe, bai ɗaga ƙafa ba.

Labarin wata mata ne da ɗanta ya dawo daga tafiya. A tsakiya mai karanta mana ya faɗi kalmar nan mai fuska uku, cewa matar ta miƙa masa wani abu. Hannu ko burodi? Duka biyun suna shiga. Na bar gurbin, na ci gaba da bin bakinsa. Jimla biyu a gaba sai ɗan nata ya sumbaci abin ya ɗora a goshinsa. Na koma na rubuta hannu.

Ranar da aka fitar da sakamako, a tsakar makarantar aka tara mu, wani ya hau tebur yana kiran sunaye. Na kutsa cikin mutane har gaba don kada wani ya riga ni sani. Da idona na ga sunana ya fito daga bakinsa, na uku a duk waɗanda suka zauna a wurin. Babana ya zo ranar a kan jakinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Da za mu koma gida ni ya ɗora a jakin, shi ya bi a ƙasa har ƙauye.

Yanzu an ce a manyan garuruwa akwai makarantun kurame, akwai kuma ɗan abin da ake maƙalawa a kunne. A wasu lakwal ma da Hausa ake fara wa yaro karatu, ba mai rataya masa ƙashi. Na gode Allah da na ga wannan zamani. Sai dai in na ga aji cike maƙil, malami yana magana da allo, nakan tambayi kaina yara nawa ne ke zaune a benci na shida suna kallon ƙeya. Jikokina suna aiko mini saƙo a waya da Faransanci mai yankakkiyar wutsiya, in na gyara musu su ce kaka ta cika tsanani.

Na yi 'yan shekaru a kolej, da wahala, don malamai sun yi yawa kuma ba kowa ne ke juyowa ba. Daga nan na koyi buga keken rubutu. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, mata suna jera duwatsu a kan tsaunuka don tare ruwa, aka ɗauke ni a ofis ina buga takardu. Maza masu digiri suna kawo mini rubutunsu, in gyara musu a ɓoye kafin in buga. A lokacin an riga an mai da Mushe wata lakwal wajen Bangi. A makon farko na zauna na buga masa wasiƙa da Faransanci, shafi guda cur, na faɗa masa duk abin da bakina bai iya faɗa ba. Na karanta ta sau uku kafin in ba direban da ke bin hanyar.

Bayan wata guda ambulan ya zo. Na buɗe, sai ga wasiƙata ce ya maido. A layi na tara ya zagaye kalma ɗaya da jan biro, na manta mata wutsiya. A ƙasa ya rubuta kalma biyu da Hausa: a sake. Na yi dariya har abokan aiki suka leƙo, sannan na yi kuka. Na sa sabuwar takarda na sake buga ta daga farko, na aika. Wannan bai maido ta ba.